Dorina Ta Hau Tudu: Gargaɗi Ga Mutanen Bakin Kogi

Wannan magana ta mutanen bakin ruwa ce: masunta, manoman fadama, makiyayan da ke kai shanu mashaya, matuƙan kwale-kwale, da iyayen da 'ya'yansu ke haye kogi kafin su isa aji. Daga Yawuri a kan Kwara zuwa Dadin Kowa da Kiri a kan Gongola, daga Ayoru a Nijar har zuwa Garwa a kan Binuwai, dorina da ɗan Adam sun matse wa juna wuri, kuma lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa su ne mafi haɗari. Wanda zai canza hanyarsa ta zuwa gona, ko ya sauya lokacin fita su, to yanzu zai yi, tun ba a dasa shinkafar rani har cikin laka ba.

A watan Nuwamban 2014, a Libore da ke kusa da Yamai, dorina ta kifar da kwale-kwalen da ke kai yara makaranta a ɗaya gaɓar kogin. Mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu 'yan makaranta ne. Ba farauta suka je ba, ba su tsokani kowa ba, hanyar da suke bi kullum suka bi. A 2024 dorina ta kashe wani dattijo mai yi wa Sarkin Yawuri aiki, gari ya tashi, aka bi ta da zago, wato mashin farautar dorina, har aka kashe ta, aka raba nama. A daminar 2025 ambaliya ta koro dorinai daga wajen madatsar Kiri zuwa gonaki da ƙauyukan Guyuk da Shelleng a Adamawa, aka rasa ran wani matashi. Manoman Hinna kuwa, a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba ta jihar Gombe, sun yi shekaru suna kuka da dorinan Dadin Kowa da ke shiga musu shinkafa da masara cikin dare, har muryarsu ta dushe. Waɗannan su ne suka kai ga kunnen 'yan jarida. Masuncin da aka tsinci kwale-kwalensa a kife a wani lungun da babu waya, sai dai a ce ruwa ya ci shi, a yi masa salla, a koma gida.

Ba dorinar ce ta canza hali ba. Bakin kogin ne ya canza. Dabbar nan da rana tana kwance a ruwa don fatarta ba ta jure rana, da dare ta fito kiwo, ta ci ciyawar da ta kai kilo 40 kafin gari ya waye, kuma takan yi tafiyar kilomita da dama don ta samu. A da, tsakanin ruwa da gonakin gari akwai fili mai faɗi na ciyawar burugu da sauran ciyayin fadama, ita da shanu suna rabawa. Sai aka gina madatsu: Kainji a 1968, Kiri da Lagdo a farkon shekarun 1980, Dadin Kowa a bayansu kaɗan. Madatsa ta ba dorina ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa rani da damina, ta kuma jawo mutane da noman rani zuwa wannan ruwan. Injin ban-ruwa ya yi arha, shinkafa ta yi daraja, aka nome fadama kaf har inda ƙafa ke nutsewa. Dorina ta fito da dare neman burugu, ta tarar da shinkafa mai ɗanyen ganye a inda burugun yake. Me ake so ta yi? Ba na faɗin haka don in wanke ta. Manomin da ya ci bashin taki da fetur, ya wayi gari ya ga gonarsa kamar an yi sukuwa a ciki, ba ya bukatar wa'azi kan haƙƙin dabba. Ina faɗi ne don a san cewa abin ba zai lafa da kansa ba, domin sanadinsa yana nan, kullum ma ƙaruwa yake yi.

Ambaliya ta ƙara dagula lissafi. A shekarun da ruwa ya yi yawa, irin 2012 da 2022 da aka saki ruwan Lagdo a kan na sama, igiyar ruwa takan fi ƙarfin dorinai a mazauninsu, su nemi wuri mai kwanciyar ruwa. Wurin nan sau da yawa gonar wani ce da ruwa ya shanye, ko kududdufin bayan gari, ko rafin da mata ke wanki. Idan ruwa ya janye, ba dukkansu ke komawa ba. Saboda haka kada wani ya ce, “Ai nan ba a taɓa ganin dorina ba.” Bara ba a gani ba. Bana a duba.

Da rani kuma matsalar ta juya. Gurabun ruwa su ƙanƙance, dorinai su cunkushe a 'yan wurare masu zurfi, mazan su yi ta faɗa, wanda aka kora ya fita da rauni da fushi ya koma wani ƙaramin gurbi shi kaɗai. Kuma a waɗannan gurabun ne kifi ke taruwa, nan masunci zai kai tarunsa, nan makiyayi zai kai shanunsa.

Kalmar da ta fi kashe mutanen bakin ruwa ita ce, “Mun saba da ita.” Sabo turken wawa. Mutum ya shekara ashirin yana wuce garken dorinai lafiya, sai ya ɗauka akwai amana tsakaninsu. Babu. Abin da ya faru shi ne bai taɓa faɗawa tsakanin uwa da ɗanta ba, bai taɓa bi ta kan namijin da ke tsaron yankinsa a ranar da ransa ke ɓace ba. Babban namiji yakan kai kilo 1,500, wasu su ninka haka. Haurensa na ƙasa kan kai rabin mita, kuma yana wasa kansa da kansa duk lokacin da baki ya rufe. Ganin jikin sai a ce ba za ta iya gudu ba, alhali a tudu tana yin kilomita 30 a sa'a, gudun da mai ɗauke da fartanya a cikin laka ba zai taɓa yi ba. A ruwa ba iyo take yi ba, a ƙasan kogi take takawa tana tunkuɗo kanta sama, kuma tana iya yin minti biyar ba ta leƙo ba. Ruwan da ka kalla ka ga shiru, ba shaida ba ce cewa babu kowa a ƙasa. Buɗe bakin nan da yara ke yi wa dariya suna cewa hamma take, ba barci take ji ba, makamanta take nuna maka. Idan ka ga haka, ko ka ji gurnani, ko ta nutse tana fuskantarka, ka riga ka matso fiye da kima.

Ga matuƙi da masunci, abu na farko shi ne lokaci. Da magariba dorinai ke fita, da asuba suke dawowa, kuma a waɗannan lokutan biyu ne suke kai-kawo a bakin gaɓa, inda kwale-kwale ke bi. Na san kifi ma a lokacin yake kamuwa, na san mai iyali ba zai zauna a gida yana kallon tukunya ba wuta ba. To amma a bar wa masu su wannan kasadar, in ta zama dole, su da suka san ruwa. Ɗaukar fasinja da duhu, mata da goyo da 'yan makaranta, ba shi da wani uzuri, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya ta riga ta hana tafiyar dare. A riƙa buga jikin jirgi da filafili a kai a kai, don wadda ke ƙasa ta ji ta leƙo, a san inda take, a kauce tun daga nesa. Dorinar da ta tsorata ruwa mai zurfi take nufa. Kada jirginka ya zama shi ne a tsakaninta da zurfin. Idan an ga ƙaramin kai kusa da babba, a juya kawai, ko da kewayen zai ci rabin sa'a. Jirgi in ya kife, a nufi gaɓa mafi kusa, kada a tsaya ceton taru ko buhu. A nan ne rigar ruwa ke raba mai rai da gawa, domin da yawa daga waɗanda dorina ke kifarwa ba haƙorinta ke kashe su ba, ruwa ne ke cinye su. Jirgin da aka loda har bakinsa yana shan ruwa, ko tunkuɗa ɗaya ba zai jure ba.

Maigari da shugaban makaranta su zauna da Sarkin Ruwa a wannan makon, su tambaye shi: ranka ya daɗe, mashigin da yaran nan ke bi, akwai dorina a kusa bana ko babu? In akwai, a matsar da mashigin, ko a matsar da lokacin tashi, a raba yaran jirgi biyu. Abin da bai fi zaman awa ɗaya ba ne.

A tudu kuma, dorina tana da hanya. Ba ta yawo barkatai. Turba ɗaya take bi daga ruwa zuwa makiyaya dare bayan dare, har ta zama kwari mai sawu biyu a jere, da kashinta a warwatse jikin ciyayi, don da wutsiya take watsa shi. Duk yaron ƙauye zai iya koyon gane wannan turba, kuma wajibi ne a koya masa. Kada a kafa bukkar gadi a kanta, kada a girke injin ban-ruwa a bakinta, kada a bi ta da asuba don ta fi sauƙin tafiya. Mafi munin wurin da mutum zai tsaya a duniya shi ne tsakanin dorina da ruwanta. Tana jin motsi za ta zabura ta nufi gida, kuma ba ta kewaye abin da ta tarar. Wanda ya yi kiciɓis da ita, ya kauce gefe, ya sa bishiya ko suri ko tudu a tsakaninsu. Gudu a miƙe a gabanta ba ya fisshe shi.

Gadin gona da dare shi ne inda na fi jin tsoro, domin nan ne ake tura samari, wani lokaci yara, da tocila da gwangwani, mutum ɗaya a bukkar kara a ƙasa. In za a yi gadi, a yi shi a ƙungiya, a kan rumfa mai tsayi da ƙafafu masu ƙarfi, a hura wuta tun kafin ta fito, a yi hayaniya tun tana bakin ruwa. Korar wadda ta riga ta shiga tsakiyar gona, a zagaye ta ana jifa, neman mutuwa ne. Abin da ya fi gadi amfani aikin gayya ne: ƙafafun dorina gajeru ne, ba ta tsallake rami mai zurfi mai miƙaƙƙen baki, ba ta haura shinge mai ƙwari ko da bai yi tsayi sosai ba. Manoma goma da ke jere a fadama ɗaya za su iya haƙa rami ɗaya ta ɓangaren ruwa. Sai dai ramin ba zai yi aiki ba in ba a bar mata abin ci a wajensa ba. Dole a bar wani zirin ciyawa a bakin ruwa ba a nome ba, kuma na san wannan ita ce maganar da ba a son ji, don wurin ya fi ko'ina albarka, kuma kowane taku yana da mai shi. Aikin hakimi da dagaci ke nan: su yanke iyaka ɗaya ta hau kan kowa, don kada a ce an tauye wane an bar wane.

Wanda dorina ta ciza ya tsira, ba a gama ba. A danne raunin da tsumma mai tsabta a tsayar da jini, a ɗauke shi zuwa asibitin da ake tiyata ba tare da tsayawa ko'ina ba. Bakinta cike yake da ƙwayoyin cuta, haurenta kuma yana shiga ciki fiye da abin da ido ke gani, ya karya ƙashi, ya huda hanji. Kada a cusa toka, ko ƙasa, ko garin magani a ciki. Addu'a a yi ta a mota.

Sai maganar kisa. Duk lokacin da aka rasa rai, abin da ke fitowa daga bakin jama'a shi ne a kashe ta, kuma mutanen Yawuri suna da tarihin haka. Bisa abin da suke bayarwa, bikin Rigata kansa ya samo asali ne daga fitar jaruman Gungawa farautar dorina a cikin jirage. Ban ce ba a taɓa kashe dabbar da ta zama annoba ba. Akwai wadda in ta ɗanɗana kifar da jirgi sai ta maimaita, kuma hukuma na da ikon ba da izini a kawar da ita ta hannun waɗanda suka iya. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne gayyar fushi: samari a kwale-kwale da bindigar toka da adda, su harbi wadda suka fara gani. Bindigar toka ba ta kashe dorina, rauni take yi mata, kuma mai rauni ta fi mai lafiya haɗari sau da yawa. Wanda zai biya bashin shi ne masuncin da zai bi ta wurin jibi bai san komai ba. A Ayoru, a 2017, mutanen da suka gaji da ɓarnar gonaki sun kashe dorinai aƙalla 27 cikin 'yan watanni. Aka kama mutane, gari ya yi zafi, a shekarar kuma gwamnatin Nijar ta keɓe wani yanki na kogin ya zama mafakar dorinai. Ko a Najeriya, tun dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 akwai dabbobin da ba a taɓawa sai da izini. Mai ɗaukar doka a hannunsa yana iya rasa gona, ya kuma kwana a caji ofis.

Nama ma akwai magana. Dorinar da aka tsinta a mace, ko tana tangaɗi, ba rabo ba ce. Dorinai na cikin dabbobin da cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ke yi wa kisan kiyashi. A 2011 a gundumar Chama ta ƙasar Zambiya, mutum fiye da 500 suka kamu bayan sun feɗe sun ci naman dorinan da suka mutu, wasu suka rasu. Cutar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, an tabbatar da ita a wata gonar dabbobi kusa da Suleja a 2023. Mushe dai addini ya riga ya haramta. Wanda yunwa ko kwaɗayi ya sa yake neman fatawa, ya sani ko taɓa fatar da jinin yana iya sa masa cutar. A kira malamin dabbobi, a hana yara da karnuka zuwa wurin.

Mutanen da ke nesa da kogi kada su ce ba ruwansu, in dai suna kusa da hanyar giwa. Dajin Yankari a Bauchi na riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya, kuma da kaka sukan fito gonakin ƙauyukan da ke kewaye. A Borno, giwaye na ƙetarowa daga Kamaru zuwa Kala Balge. A ƙarshen 2019 an hango garken da aka ƙiyasta ya kai 250 kusa da Rann daga jirgi mai saukar ungulu. A 2023 giwaye sun shiga har cikin garin Marwa na Kamaru. Abin da ya fi jawo mutuwa a irin wannan rana shi ne kallo. Da an ce ga giwa, sai gari ya fashe, yara a gaba, masu babur a baya, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, a zagaye dabbar ta rasa mafita. Giwa ba ta gani sosai, amma hancinta da kunnenta ba su da na biyu, kuma uwa mai ɗa ko toron da ruwa ke zubo masa ta gefen ido ba sa ba da gargaɗi sau biyu. A buɗe mata hanya, a tsare yara a gida, a tsaya ta inda iska ba za ta kai mata warin mutum ba. Don kare gona, hayaƙin barkono da aka cuɗa da kashin shanu yana taimakawa, kuma a Kenya an gwada shingen amya, aka ga giwa na gudun ƙudan zuma. Mu da muke da masu zuma a kowane ƙauye, ban ga abin da ya hana a gwada ba. A kewayen Yankari an riga an ɗauki wasu mutanen ƙauyuka suna sa ido, suna buga waya in garke ya doso. Irin wannan tsari ne bakin kogi ya rasa.

A nan ne laifin hukuma yake, kuma ba ƙarami ba ne. An iya zuwa ta'aziyya da buhun shinkafa bayan an binne mutum. Abin da ba a iya ba shi ne aikin da ke hana ta'aziyyar. Ma'aikatun muhalli na Kebbi da Neja da Gombe da Adamawa da Taraba su tura ma'aikatan gandun daji su zauna da sarakunan ruwa, a ƙirga garkunan da ke kowane yanki, a san gurbin kowanne, a kafa alama a mashigai masu haɗari, a sanar a rediyo da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan bakin kogi. Masu kula da madatsu, in za su saki ruwa, sanarwar da suke yi ta haɗa da cewa dabbobi za su motsa. A ba da lambar waya ɗaya da dagaci zai kira a ɗauka. A kuma fito da hanyar biyan diyya ga wanda aka cinye wa gona, ko da rabin asararsa ce, domin manomin da ya san ba mai share masa hawaye ba zai kai rahoto ba, zago zai wasa. Shugabannin ƙananan hukumomin Yawuri, Ngaski, Yamaltu Deba, Shelleng da Guyuk ba sa bukatar jiran Abuja kafin su sayi rigunan ruwa na jiragen da ke ɗaukar 'yan makaranta, su ba da motar haƙa rami ta mako biyu ga fadamun da abin ya fi shafa. A yi shi kafin a zuba irin shinkafar rani, don in shuka ta fito har bakin ruwa, ba manomin da zai yarda a haƙa rami a cikinta.